Na'urar jin magana ta maigidana: ta yi a ɗaki, ta gaza a gidan biki

Maigidana ya daɗe yana sana'ar injin niƙa, kuma ƙarar injin ta ci kunnuwansa. A Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna aka yi masa gwaji, aka ce duka biyun sun yi rauni, musamman wajen siraran sautuka irin "s" da "f" da "sh". Daga nan muka sayi na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne, mai cin ƙaramin batiri lamba 13, aka saita ta daidai da takardar gwajin.

A cikin ɗaki sai hamdala. Rediyo ya daina cika unguwa, "na'am?" ɗin nan da ke bin kowace magana ya ragu sosai.

Amma da zarar maƙwabci ya tayar da janareta, ko muka shiga gidan biki, sai labari ya canza. Na'urar tana ɗaga komai tare, har da ƙarar cokali. Tana da maɓallin hayaniya da ke fifita abin da ke gabansa, yana taimakawa kam, sai dai bai kai yadda mai shagon ya zuzuta ba. Ni kuwa sai in ji muryata ta hau sama ba da nufina ba. Ashe kowa haka yake yi cikin hayaniya. Wani likita Bafaranshe, Étienne Lombard, ya bayyana hakan tun 1911. Matsalar ita ce ihu wasula yake kumburawa, siraran baƙaƙen da ya rasa suna nan a ɓace. Kuma kunnen da ya lalace, tsakanin "ban ji ba" da "kin cika min kunne" tazara kaɗan ce. Sau da yawa sai ya ce, "Hajiya, faɗa muke yi ne?"

Abin da ya fi maɓallin aiki shi ne yadda na sauya magana. Nakan fara cewa "Malam", in jira ya juyo, in tsaya inda haske ke fuskata don ya ga leɓena. Magana daga madafa na daina. Ina sanar da shi zancen tukuna, "batun kuɗin makaranta ne", sannan in shiga, ina ɗan tsayawa tsakanin gaɓa da gaɓa. Ba na jan kalma, domin a Hausa in ka ja wasali ka mai da garin Zariya garin tuwo. In bai kama ba har sau biyu, sai in sake jimlar da wasu kalmomi, maimaita ta ɓata baki ne. A wurin taro kuma nakan nema masa kujerar da hayaniya za ta kasance a bayansa.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Ƙurar hunturu tana toshe ta, gumi ma haka, dole a goge ta kullum da dare a bar murfin batirin a buɗe. In hula ta danne ta, sai ta yi fito. Batiri yakan kai mako ɗaya zuwa biyu, kuma ba a kowane kemis ake samunsa ba, don haka kati-kati muke saye mu ajiye.