Shekara biyu ina lodin ƙarafa da tsohuwar Massey Ferguson 135

Sana'ata sayen tsoffin ƙarafa da sayar da su, kuma ba a wajen ciniki ribata ke zubewa ba, a wajen lodi ne. Mutum shida sai su wuni suna ɗaga ƙarfe kafin babbar mota ta cika, kuma da wuya a tashi ba wanda ya yanke hannu. Ana cikin haka aka kawo mini wata tarakta, Massey Ferguson 135, wai a auna ta a yanka. Na ce bari dai in ɗaura mata batir tukuna. Ta yi tari sau biyu, ta feso baƙin hayaƙi, ta tashi. Ranar ta tsallake sikeli.

An ƙera irinta ne tsakanin 1964 da 1975, wato ko autar cikinsu ta kai shekara 50. Tawa mai injin dizal ɗin Perkins ce, silinda 3, ƙarfin doki kusan 45. Injin nan ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Ba ya shan mai, babu kwamfuta a jikinsa, duk bakaniken da ya san dizal zai kwance shi ya mayar, kuma har yanzu ana samun kayan gyaransa.

Da na ɗaura mata hannu da bokiti a gaba ne na gane cewa don jan garma aka yi ta. Famfon haidirolik ɗinta ƙarami ne, saboda ɗaga kayan noma a baya kawai aka tanade shi. Bokiti yana hawa a hankali kamar tsoho a kan tsani, kai kana zaune kana kallo. Sai da aka ƙara mata wani famfo a gaban inji kafin aikin ya yi sauri. Sitiyarinta kuwa na ƙarfin hannu ne: idan bokiti ya cika, murza shi a tsaye kokawa ce, kafaɗuna sun shaida.

Nauyinta bai kai tan 2 ba, kuma tayoyin baya kaɗai ke ja. Duk abin da ka ɗora a gaba, bayan ne ke yin sauƙi, tayoyi su riƙa juyawa a banza. Wata rana na ɗauki kan injin babbar mota, na ɗaga shi sama, na juya a gangare. Tayar baya ɗaya ta bar ƙasa. Gabana ya faɗi, na saki lodin da sauri. Laifina ne, ba nata ba. Tun daga ranar na cika durom da kankare na rataya mata a baya, na zuba ruwa a manyan tayoyin, kuma ba na tafiya da bokiti sama da gwiwa. Wanda zai yi irin wannan aiki ya sa mata ƙarfen kariya a saman kujera, don da yawa daga cikin tsoffin ba su zo da shi ba.

Faci kam sai haƙuri. Filin ƙarafa cike yake da ƙusa da guntun rodi, har na ɗaura maganaɗisu a sanda ina share hanya kowace safiya.

Yanzu ni da yaro ɗaya muke cika mota kafin rana ta take. Falanki, rodi, tsoffin kwanon rufi, duk tana kwashewa. Manyan injuna dai na bar wa kuren, wato injin ɗaga kaya masu nauyi, ba zan karya mata gaba ba.

Wani abokin sana'ata yana mini dariya, wai na sayi bola ina lodin bola da ita. Gaskiyarsa. Har na riga na yi lissafin ranar da za ta ƙi tashi: lagireto gefen tagulla, batir gefen dalma, gangar jikin kuma ta hau sikeli da sauran ƙarfen zubi.