Yaya, a dakata da filasta tukuna

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Hajiya? Na ga hotunan ginin, ma sha Allah an zuba dakin, saura wayarin da filasta. Shi ya sa na yi sauri na rubuto kafin birkila ya shafe bangon, don a fara shirya wa wayoyin intanet hanya.

Intanet a nan Manchester ba laifi. Wayar faiba ce, wato wayar intanet mai sauri, ake jawowa har cikin gida, ina biyan wajen fam 30 a wata, babu zancen data ta ƙare. Amma sai ka sa hannu a kwantiragin wata 18 ko 24, in ka fasa a tsakiya ka biya tara. Ranar da ma'aikacin kamfanin ya zo, inda ya fi masa sauƙi ya huda, gindin tagar falo, ya manna akwatinsa ya tafi. Ɗakina yana sama, gidan kuma tsoho ne na jan bulo. Har yau in zan kira ku a bidiyo sai na zauna a kan matakala kamar mai gadi. Na nemi a ja mini waya zuwa sama, mai gida ya ce ba a taɓa masa bango, kuɗin aikin da aka yanka mini kuwa ya fi kuɗin kayan nesa ba kusa ba. Nan kaya araha, hannu tsada.

Ku a gida hannu ne mai sauƙi, ga bango a buɗe. Bulo da siminti da rodin dakin sun fi bangon nan shanye Wi-Fi, don haka rauta ɗaya, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, a falo ba za ta kai sashen Hajiya ba, balle sama. Ka zaɓi wuri ɗaya a tsakiyar gida mai shan iska inda za a ajiye rautar, ƙarƙashin bene ma ya yi in ba a toshe shi ba. Daga can a binne fayif zuwa kowane ɗaki, da bayan talabijin, da silin na sama da na ƙasa, da bakin get saboda kyamara. A bar igiya a cikin kowane fayif don jan wata waya nan gaba. Kada mai wayarin ya cusa wayar intanet fayif ɗaya da wayar wuta, na san halinsu, zai ce ai duk waya ce.

Wayar intanet mai suna Cat6 za ka saya, tana ɗaukar saurin gigabit 1 har mita 100. Amma ka sa ido. Akwai wadda ake rubuta wa CCA, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, a nan ma ana sayar da ita. Ka kankare bakinta da wuƙa a gaban mai shago: in fari ya bayyana, ajiye masa kayarsa. Ita ce ke saurin karyewa, kuma ba ta jure kyamarar da ke shan wuta ta cikin wayar.

Abin da su a nan ba sa tunani shi ne ɗauke wuta. Soket ɗin wurin rautar a haɗa shi da layin inbata, rauta ba ta cin abin kirki, kamar ƙwan fitila ne. A kuma fitar da fayif ɗaya zuwa rufi, ɗaya zuwa katanga ta bakin titi. Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam da ake kafa wa faranti a rufi, ta shigo Najeriya tun Janairun 2023, faiba ma wata rana za ta iso unguwarku, kowacce ta zo ta tarar da hanya.

Filogin Najeriya da na nan iri ɗaya ne, mai baki uku, wutar ma ta dace, don haka rauta da na'urori biyu masu watsa Wi-Fi daga silin ni zan sayo in ba mai tahowa da Sallah. Wayar dai ku saya a can, nauyinta ya fi ƙarfin jakata. Ka turo mini zanen gidan in yi maka alama a inda za a fasa. A gaida Anti da yara.