Digirin Jinya Daga Nesa: Abin da Ya Kamata Nas Ta Auna Kafin Ta Sayi Fom

Duk nas ɗin da ta yi shekara uku a makarantar koyon aikin jinya, ta ci jarabawar Kansil, wato hukumar kula da aikin jinya da ungozoma, ta karɓi lasisinta na RN, wato nas mai rajista, ta san akwai ranar da maganar digiri za ta taso mata. Galibi ranar da aka kafe sunayen ƙarin girma ce. A aikin gwamnati, kujerun mataimakin darakta da darakta na masu digiri ne, komai daɗewar mutum a ɗakin majinyata da komai iya aikinsa. Haka in kina son koyarwa ko digiri na biyu, sai da BNSc, wato digirin jinya, a hannu. Ina cewa "ke" ne don mata sun fi yawa a aikin, amma 'yan'uwa maza, maganar ta haɗa da ku.

Ba don albashi kaɗai ake wannan karatu ba. A 2014 mujallar Lancet ta buga wani bincike da aka yi a asibitoci 300 na ƙasashe tara a Turai, inda aka ga cewa duk ƙarin kashi 10 cikin ɗari na masu digiri a cikin ma'aikatan jinyar asibiti yana tafe da raguwar kashi 7 cikin ɗari na yiwuwar mutuwar majinyaci bayan tiyata. Jihar New York ta Amurka ma ta yi doka a 2017 cewa sabuwar nas ta kammala digiri cikin shekara goma da samun lasisi. Duniyar aikin ta karkata can, mu ma can muka nufa.

Matsalar ita ce wadda ta fi buƙatar digirin ita ce wadda ba ta da sararin komawa aji. Tana da duti, tana da miji da 'ya'ya, albashin nan kuma shi ke riƙe da gida, wani lokaci har da gidan iyaye. Shi ya sa kalmar "ta intanet" ke jan hankali, shi ya sa kuma ake yawan cutar mutane da ita.

Kafin a kwatanta makarantu, akwai tambayoyi biyu da in amsarsu ba ta fito sarai ba, magana ta ƙare. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince wa jami'ar ta koyar da digirin jinya ta hanyar karatu daga nesa? Kansil ɗin jinya da ungozoma, NMCN, ta amince da shirin? A lura, jami'a na iya samun izinin koyar da jinya a cikin harabarta amma ba ta da izinin yin sa daga nesa, abu biyu ne daban. Kuma amincewar ba ta din-din-din ba ce, ana sabunta ta, don haka abin da ƙawarki ta gaya miki shekara uku da suka wuce bai wadatar ba. Ki duba shafukan hukumomin biyu da idonki a shekarar da za ki shiga.

Ina nanata wannan ne saboda abin da kowa ya gani. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako shida, kuma a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can ma abin ya shafe su. A Amurka, a Janairun 2023, hukumomi sun bankaɗo cinikin takardun jinya na bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu a Florida, kuma mutane da dama sun rasa lasisinsu. Duk wanda ya turo miki talla a WhatsApp yana alkawarin digirin jinya cikin wata goma sha biyu, ba jarabawa a zaure, ba aikin asibiti, kuɗin kuma a tura asusun wani mutum, to ki rufe wayar. Araha ba ta ado.

Cikin makarantun da ke koyarwa daga nesa, wadda aka fi sani ita ce Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN. An fara kafa ta a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, kuma hedikwatarta na Jabi a Abuja. Babban abin da ta fi sauran da shi shi ne kusanci: tana da cibiyoyin karatu a jihohin ƙasar nan, don haka nas da ke Gusau ko Damaturu ko Dutse ba sai ta tsallaka jihohi ba kafin ta rubuta jarabawa. Digirinta na jinya na masu lasisin RN ne. Littattafan darussa suna nan kyauta a shafinta, kowa na iya saukewa, kuma shawarata ki sauke biyu ko uku tun kafin ki nemi gurbi, ki zauna da su dare ɗaya, ki ga ko irin wannan karatun zai shige ki. Ana zuba kuɗi ta Remita a cikin asusun ɗalibi, daga nan a riƙa cire kuɗin rajistar kowane darasi da na jarabawarsa, abin da ke ba mai albashi damar lallaɓawa. Aikin gida da ake kira TMA yana ɗauke da maki 30, jarabawa 70.

Sai dai tsarin NOUN na wanda ke iya tuƙa kansa ne. Babu mai bin ki yana tuna miki an kusa rufe TMA. Ki ɗauki nas da ta sauka daga dutin dare ƙarfe takwas na safe: ta miƙa rahoto, ta ƙirga magunguna da mai karɓarta, ta hau adaidaita, ta iso gida ta tarar da wanki da girkin rana. Idan ta kwanta bayan azahar, sai la'asar. Karatun nata tsakanin isha'i ne da lokacin da ido ya ƙi, da laftof a kan gado, wayar na ba shi intanet, cajin ya rage kashi ashirin. Wadda ta saba tsara wa kanta lokaci za ta kai. Wadda sai da malami a gaba take fahimta, musamman a darasin lissafin ƙididdiga da na sinadaran jiki, za ta sha wuya ƙwarai in ba ta samu abokan karatu ba.

Ta biyu ita ce Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ita ma ke ba masu RN digirin BNSc. A nan karatun ya fi kama da aji: akwai dandalin intanet da ake ɗora darussa, akwai malamai masu bibiya, akwai tattaunawa da aikin gida masu wa'adi. Takardar kuma ta ABU ce, jami'ar da ke nan tun 1962, wadda babu ofishin da za a kai sunanta a Arewa a tsaya tambaya. Wannan bibiyar tana da farashi, a kuɗi da kuma a data, don sai kina hawa dandalin a kai a kai. Jarabawa a zaure ake yin ta a cibiyoyin da aka ware, don haka kafin ki biya, ki san wace cibiya ce ta fi kusa da ke, da kuma nawa mota da masauki za su ci a kowane zango.

A Kudu akwai irin wannan shiri a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife da LAUTECH ta Ogbomosho. Ga 'yan'uwanmu da ke aiki a Legas ko Ibadan ko Ilorin, sun cancanci a duba su. Ga mai aiki a Sakkwato, nisan kaɗai ya isa dalili.

Akwai kuma hanyar da ba ta intanet ba, wadda bai kamata a yar da ita ba tun kafin a auna: shiga kai tsaye ta JAMB zuwa aji biyu a jami'a irin su Bayero ta Kano, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ta Maiduguri ko ABU ɗin kanta. Digirin jinya shekara biyar ne, mai RN da ta shiga aji biyu za ta yi huɗu. A nan akwai ɗakin gwaje-gwaje, akwai asibitin koyarwa, akwai malamin da za ki tare a bakin ofis ki ce ba ki gane ba. A ganina, in kina da ƙuruciya, ba ki tara nauyi ba, kuma wurin aikinki zai ba ki hutun karatu da albashi, wannan ta fi kowace. Cikas ɗinta biyu: guraben kaɗan ne saboda adadin da aka ƙayyade wa kowace makaranta, sannan yajin aikin malaman jami'a na iya tsawaita shekarun, kamar na 2022 da ya kai wata takwas. Hutun karatu kuma yakan zo da yarjejeniyar cewa za ki dawo ki yi wa ma'aikatar aiki na wasu shekaru. Ki karanta takardar sosai kafin ki sa hannu.

Sai jami'o'in Amurka da tallarsu ke cika Facebook, masu shirin da suke kira RN zuwa BSN (sunan digirin jinya a can), wanda ake gamawa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Da yawansu na gaskiya ne, kuma ana gane su da amincewar hukumomin tantance makarantun jinya irin su CCNE ko ACEN. Amma an gina su ne don wadda ke riƙe da lasisin wata jiha ta Amurka, wato wadda ta ci jarabawar NCLEX. Ga 'yar'uwa da ke aiki a Houston ko Maryland, hanya ce mai kyau, kuma asibitoci da yawa a can suna taimaka wa ma'aikatansu da kuɗin makaranta, don haka ta fara tambayar ofishin ma'aikata. Ga mai aiki a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kuɗin da dala ne, sannan takardar sai ta bi ta tantancewar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kafin ta yi amfani a gida. Ban ga dalilin ɗaukar wannan nauyin ba alhali ga na gida.

Wajen lissafin kuɗi, kada ki tsaya kan abin da aka rubuta a shafin makaranta. Ki ɗauki takarda ki haɗa kuɗin fom, na karɓar gurbi, na kowane zango, na jarabawa, na aikin asibiti, na kundin binciken ƙarshe da ɗaurinsa. Ki ƙara data ta wata-wata, da laftof ko da na hannu ne, don waya ba ta isa rubuta kundin bincike, da abin ajiye caji ko ƙaramar sola. Sai mota da masauki a lokacin jarabawa, da ɗan abin da za ki kyautata wa wadda ta riƙe miki yara. Jimlar shekara huɗu za ki kwatanta, ba ta zangon farko ba.

Abin da na fi so kowace nas ta yi, kuma wanda aka fi sakaci da shi, shi ne neman izinin wurin aiki a rubuce tun kafin fara karatu. Mutane kan ce ai daga gida nake yi, ba na taɓa lokacin aiki, me ya kawo izini? Ranar da kika kawo takardar digiri kina neman a sauya miki layin aiki, abin da za a fara nema a fayil ɗinki shi ne wasiƙar amincewa. Ki rubuta ta hannun shugabar sashenki zuwa hukumar asibitin ko ma'aikatar lafiya, ki karɓi kwafin da aka buga wa hatimi, ki adana. Wannan wasiƙar ce kuma za ta tsaya miki in jadawalin jarabawa ya faɗa kan makon dutin darenki. Ki kai wa in-caji jadawalin tun kafin ta zana rosta na watan, ba bayan an manna shi a bango ba. "Sista, don Allah ga ranakun jarabawata, a duba min" da wuri ya fi roƙon canjin duti ana gobe za a shiga zaure.

Takardu ma suna tsayar da mutane. Ana neman kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Da yawa daga cikin yayyenmu sun shiga makarantar jinya lokacin da ba a matsa kan Fiziks ba. In kina cikinsu, ki zauna jarabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu tukuna, babu abin kunya a ciki. Lasisinki ya kasance bai ƙare ba. Sunan da ke kan sakamakon sakandare da na Kansil da na katin ɗan ƙasa su zama ɗaya. In aure ya sauya sunan, ko an rubuta Hauwa'u a nan Hauwa a can, ki yi rantsuwar kotu ki gyara tun yanzu. Takardar sakamakon makarantar jinya kuma takan ɗauki lokaci kafin ta fito, ki nema da wuri.

A zangon farko kada ki yi gaggawa. In tsarin ya ba da dama, ki ɗauki abin da za ki iya, ki ga yadda karatun ke zama da duti da gida. Ki nemi mutum uku ko huɗu 'yan ajinku da ke garinku, ku riƙa haɗuwa ranar hutu kuna warware tambayoyin baya. Babban zauren WhatsApp na aji yana da amfani wajen sanarwa, amma karatu a ƙaramin rukuni yake yiwuwa.

Kada kuma ki manta cewa digirin jinya, ko daga nesa ne, yana da aikin hannu. Za a tura ki sassan da wataƙila rabonki da su tun kina ɗaliba: lafiyar al'umma, masu taɓin hankali, haihuwa, kuma akwai littafin da mai kula da ke zai riƙa sa wa hannu. Ki tambayi makarantar tun farko a waɗanne asibitoci ake yin wannan, mako nawa ne a kowace shekara, kuma ko za a karɓi asibitin da kike aiki. In amsar ita ce sai kin tafi wani gari na tsawon makonni, to wannan maganar ta hutun shekara ce da ta maigida da ta mai riƙon yara, kuma gara a yi ta a gida kafin kuɗin fom ya fita daga asusu.