Takalmin roba na kofato: abin da na gani bayan wata bakwai

A kilomita 60 aka cire goɗiyata daga tseren juriya na kilomita 80. Bugun zuciyarta ya sauka ƙasa da 64 a minti kamar yadda ƙa'ida ta tanada, amma da likitocin da ke duba dawakai a tseren suka ce in ja ta da sassarfa mu je mu dawo, sai ta riƙa ɗaga kai duk sa'ad da ƙafar gaba ta hagu ta taɓa ƙasa. Ɗingishi ke nan, kuma shi ne ya fi fitar da dawakai daga irin wannan tsere. Washegari likita ya matse tafin kofaton da awartakin gwaji, ta fizge ƙafa. Da aka kankare kaɗan, sai ga jan tabo, jini ya taru a ciki. Aikin tsakuwa ne.

Abin da ya sa na sayi takalmin roba ke nan, irin wanda ake zura wa doki a ɗaure ta dunduniya, ba ƙusa. A kan duwatsu da tsakuwa, gaskiya ya biya ni. Da can tana taka hanya mai duwatsu kamar mai tafiya a kan garwashi. Yanzu tana miƙa ƙafa da ƙarfinta, kuma taruwar jinin ba ta sake dawowa ba.

Sai dai yana da sharaɗi. Dole a auna kofato daidai bayan an gyara shi, domin kofato na ƙaruwa kusan santimita ɗaya a wata. Na yi sakaci sau ɗaya, takalmin ya matse, ya goge mata dunduniya har ta yi ja. A rairayi kuma yashi yana shiga ciki, don haka a kowane zango nakan cire, in zazzage, in shafa wurin da hannu.

Inda nake so mai saye ya natsu shi ne nan: takalmin na kare tafi ne kawai. A wata na biyar muka yi dogon kilisa cikin yashi mai zurfi, da safe na shafa bayan ƙwaurinta na ji ɗumi da ɗan kumburi. Jijiya ce ta gaji, domin ƙafafun gaba ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, yashi kuma yana sa jijiya ta yi ta miƙewa. Ciwon gaɓar da ke saman kofato, ɗaurewar tsoka idan gumi ya kwashe gishirin jiki, sirdin da bai zauna ba, mahayin da ya gaji ya karkata gefe guda, duk ba ruwan takalmi da su.

Mako shida ta yi tana hutawa, da ruwan sanyi safe da yamma. Da likita ya yarda mu koma, takalmin na fara zura mata, amma mun bar hanyar yashi tukuna.