Dakta na bogi ko gaskiyar abin da ka sani?

Mai neman a gayyace shi taro ya yi jawabi a biya shi yana gaban hanya biyu.

Ta farko: ya liƙa wa sunansa "Dakta" ko digirin da bai yi ba. Ƙofa takan buɗe da wuri, kuɗin ma ya fi kauri. Amma masu sauraro sun biya ne don ilimin da babu shi, wannan kuwa cin amana ne tsagwaro. Kuma asiri ba ya rufuwa har abada. Marilee Jones, shugabar sashen ɗaukar ɗalibai ta jami'ar MIT a Amurka, tana yawan jawabi ga iyaye da makarantu, amma a 2007 ta ajiye aiki bayan an gano digirorinta ƙarya ne, shekara 28 da ɗaukarta. A nan gida, takardar digirin bogi ta jami'ar Toronto da ke Kanada ce ta raba Salisu Buhari da kujerar Kakakin Majalisar Wakilai a 1999.

Ta biyu tafiyar hawainiya ce. Ka ce, "Ni manomi ne, noman rani na sani." Gayyatar farko ƙila kyauta ce, amma duk tambayar da aka jefo maka kana da amsarta. Ni wannan nake so in biya kuɗi in saurara.