Littafin yadi na yaran Mormon: abin da na gani bayan wata biyar a hannun 'yar maƙwabciyata

Lokacin da na haihu a garin Orem da ke jihar Utah ta Amurka, ba uwa ba ƙanwa a kusa, maƙwabciyata ce ta tsaya mini tsayin daka, ita da matan cocinsu suka jera kwanaki suna kawo mini abinci har na warware. Mabiya Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe ne, waɗanda duniya ta fi sani da Mormon, ko da yake tun shekarar 2018 shugabanninsu suka nemi a riƙa kiran cocin da cikakken sunansa. Da 'yarta ta kusa cika shekara huɗu, na tambaye ta abin da zan saya wa yarinyar, sai ta ce babu abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya kamar zaunar da ita wuri guda ranar Lahadi. Dalilin da ya sa na sayi littafin da zan yi bayani a kansa ke nan.

Ibadarsu ta Lahadi awa biyu ce tun daga Janairun 2019, kafin nan kuwa awa uku suke yi. A awar farko iyali duka suke zama a benci ɗaya, har da jarirai, kuma a cikinta ne samari suke zagawa da gutsattsarin burodi da ƙananan kofunan ruwa na jibin Ubangiji, wato ibadar tunawa da Yesu, lokacin da ake son wurin ya yi tsit. Wannan ne ya sa iyaye mata a Utah suka daɗe suna ɗinka abin da suke kira littafin shiru, wato littafin da aka yi shafukansa da yadi mai kauri irin na hular dara, don yaro ya shagala da shi ba tare da ya dami kowa ba. Na sayi nawa dala 45 a wurin wata mata mai ƙaramin shago da ke ɗinkawa da hannunta, na jira mako uku kafin ya kammala. Shafi takwas gare shi, an haɗa su da zobba uku na ƙarfe.

Shafin baftisma shi ne ya fi kowanne kyau, kuma shi kaɗai ya isa ya biya kuɗin littafin. An ɗinka wani aljihu da shuɗin yadi mai shara-shara a matsayin ruwa, da matakala a gefe, sannan ga 'yan tsana biyu cikin fararen kaya, uba da ɗa. A wannan coci ba a yi wa jariri baftisma; sai yaro ya cika shekara takwas ake nutsar da shi gaba ɗaya a ruwa, a gaban shaidu biyu, kuma idan ko silin gashi ko gefen riga ya tsaya a sama, sai an sake. Yarinyar ta ga an yi wa yayanta haka 'yan watanni kafin nan, kuma ban san ta riƙe komai a ranta ba sai ran da na same ta zaune a ƙasan falonsu, ta ɗaga hannun daman ɗan tsanan uban sama kamar yadda mai yin baftisma yake yi, ta yi 'yar magana ƙasa-ƙasa, ta cusa yaron cikin aljihun. Sai ta leƙa, ta ga ƙafarsa ɗaya a waje, ta girgiza kai ta ce, “Ƙafarsa ba ta shiga ba, sai an sake.” Ta zaro shi, ta fara daga farko, fuskarta babu ko alamar wasa. Wadda ta ɗinka shafin ta san aikinta, domin ta yi hannun uban yadda zai ɗagu, ta kuma zurfafa aljihun daidai yadda ɗan tsanan zai ɓace ƙurmus. A cocin nasu maza ne kaɗai suke yin baftisma, amma ban taɓa jin uwar ta hana ta riƙe ɗan tsanan uban ba.

Shafin masu wa'azi ma ya yi armashi. Akwai ƙofa mai buɗewa, da samari biyu masu farar riga da laktaye, kowanne da ɗan baƙin allon suna a ƙirji, irin wanda matasansu suke maƙalawa idan sun tafi aikin bishara, maza na shekara biyu, mata na wata goma sha takwas. Wannan wasan bai tsaya a cikin littafi ba. Wata Asabar na ji ana ƙwanƙwasa mini ƙofa, ina buɗewa sai ga ta da yayanta, sun yanko baƙar takarda sun manna a ƙirji, suka ce, “Anti, mun kawo miki saƙo.” Sun san ni Musulma ce, uwarsu ma ta biyo su da gudu tana ba ni haƙuri, amma raina bai ɓaci ba ko kaɗan, domin abin da na gani shi ne ƙannena a Zariya suna toshe kunne da yatsa suna kiran salla a tsakar gida, ɗaya ya shige gaba ya zama liman.

Inda aka sami saɓani shi ne shafin jibin Ubangiji, mai ɗauke da faranti da 'yan gutsattsarin burodi na yadi. Addu'ar da ake yi wa burodin da ruwan tana da kalmomi tsayayyu, har idan saurayin da ke karantawa ya yi kuskure, bishop, wato shugaban cocin unguwar, yakan sa shi ya maimaita. Da yarinyar ta fara durƙusawa tana kwaikwayon addu'ar tana raba wa 'yan tsananta burodi, uwar ta ji abin ya yi mata nauyi, ta buɗe zobban ta cire shafin ta ajiye. Uban kuwa yana ganin da an bar ta, tunda da girmamawa take yi. Ni dai na fi karkata ga uwar, saboda mu ma a gida ba a hana yaro kwaikwayon salla, amma ba a barinsa ya ɗauki allon da ke da rubutu ya shiga wasan ƙasa da shi. Ya kamata mai shagon ta riƙa tambayar mai saye ko yana son wannan shafi tun kafin ta ɗinka. Sai dai na yaba mata da ta yi amfani da zobba, domin cire shafin bai ɗauki minti ɗaya ba kuma bai lalata sauran ba.

Babban aibin littafin shi ne abin mannawar da aka sa a shafuka uku, irin na takalmin yara wanda yake yin ƙara idan an ɓare shi. Littafin da aka yi don a yi shiru bai kamata ya zo da wannan ba. Maƙwabciyata ta ce a Lahadin farko, daidai lokacin da ake zagawa da ruwa, yarinyar ta ɓare ɗaya, mutanen benci biyu suka waiwayo. Shafin haikalin Salt Lake, babban ɗakin ibadarsu a Utah, wanda aka yi shekara arba'in ana ginawa daga 1853 zuwa 1893, yana da kyan gani da hasumiyoyinsa shida, amma babu abin da hannun yaro zai yi a cikinsa, don haka tsallake shi take yi. Kakakin busawa na siffar Moroni, wani mala'ika a aƙidarsu, da ke saman haikalin da gam aka liƙa shi, ba a ɗinka ba, kuma ya ɓalle tun a mako na biyu. Ƙanƙantarsa ta kai jariri ya haɗiye, ga shi kuwa akwai mai rarrafe a gidan. Na kuma lura cewa duk 'yan tsanan fararen fata ne, alhali cocin yana da mabiya masu yawa a Afirka ta Yamma, da haikali a Accra tun 2004 da wani a Aba tun 2005.

Sauran ɗinkin yana da ƙarko. An wanke littafin da hannu sau biyu, launi bai zuba ba, zare bai saki ba. Duk wanda zai saya wa yaro mai shekara uku zuwa biyar, ina ba shi shawara ya nemi a sa masa maɓallai a madadin abin mannawar, ya kuma dage a ɗinke kowane ƙaramin abu da zare. Da na koma na faɗa wa mai shagon waɗannan abubuwa, ta saurare ni da kyau, ta karɓi shafuka ukun ta sauya musu maɓallai ba ta karɓi ko sisi ba, sannan na biya dala 6 ta ɗinka mini ƙarin ɗan tsana baƙar fata cikin fararen kaya. Shi ne yanzu yarinyar ta fi yawan nutsarwa a shuɗin aljihun, kuma har yau takan leƙa ta tabbatar ƙafarsa ta shige.