Yadda Na Ga Aikin Ɗab'i a Jamus

Yaya, bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida da yaran shago, ga amsar tambayar da ka yi mini game da yadda ake aikin ɗab'i a nan Jamus, yanzu da na shekara biyu ina aiki a wata ƙaramar maɗaba'a.

Ka daina zaton cewa injinansu ne sirrin. Kamfanin Heidelberg, wanda tushensa ya koma 1850, shi ya ƙera injinan Kord da GTO ɗin da kuke bugu da su a Kano, kuma na ga tsohon GTO yana aiki a nan kamar naka. Abin da ya bambanta mu shi ne, kowace kalmar sana'a a wurinsu tana da adadi, kuma da wannan adadin ake kama mai laifi idan aiki ya lalace.

Ɗauki abin da kuke kira bilid, wato rarar da ake bari a gefen zane domin wuƙar yanka ta ci. A gida mai zane yakan ƙiyasta da ido, mai yanka kuma ya gyara abin da ya samu. A nan yawanci milimita 3 ne a kowane gefe, kuma fayil ɗin da ba shi da rarar, ko dai a mayar maka da shi, ko a buga shi da farin zare a baki ka biya kuɗinka cif. Haka girman takarda: A4 milimita 210 ne a 297, ma'aunin da Jamusawa suka kafa tun 1922. Nauyinta kuma da giram ake faɗa, 80 don takardar ofis, 300 zuwa sama don katin gayyata, ba wanda zai ce maka "mai kauri" ya yi shiru. Hoto kuwa sai ya kai ɗigo 300 a kowane inci, shi ya sa hotunan da ake turowa ta WhatsApp ba sa karɓuwa, domin manhajar tana matse su.

Launi ne ya fi ba ni wahala da farko. Allon kwamfuta yana haɗa launi da haske uku, ja da kore da shuɗi, wato RGB, alhali inji yana bugawa da tawada huɗu, CMYK, kowace da farantinta, wato fallen ƙarfen da ake ɗora zanen a kansa. Koren da ke walƙiya a allo yakan dusashe a takarda, kuma a nan ba a sauraron "ba haka na gani ba". Wanda yake son launinsa ya fito iri ɗaya kullum, sai ya ba da lambar Pantone, wato tsarin da ya ba kowane launi lambarsa. Kafin a kunna inji kuma sai wanda ya kawo aiki ya duba furuf, wato samfurin gwaji, ya amince a rubuce, daga nan kuskuren da ya rage nasa ne. Wannan ɗabi'a ita nake roƙon ka ɗauka, domin na tuna yawan katunan biki da ka sake bugawa daga aljihunka.

Amma akwai inda kuka fi su. Da 'yan uwanmu na nan suka kai kalandar azumi wata maɗaba'a, ba a haɗa salon haruffan da aka yi rubutun da shi cikin fayil ɗin PDF ba, sai ƙ da ɗ da ɓ suka fito akwatuna, kuma babu wanda ya lura, domin ba mai jin Hausa a cikinsu. Abin ya yi mini ciwo, ganin cewa tun a 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Ko a manhajar zane ta CorelDRAW kake aiki, ka mayar da rubutu zane kafin ka tura wa kowa.

Ta fuskar farashi, manyan maɗaba'un intanet suna jera ayyukan mutane da yawa a faranti ɗaya, sai kuɗin ya sauka, kuma gwargwadon haƙurinka gwargwadon rangwamen. Sai dai babu ciniki, babu bashi, babu kuma wanda zai kwana a kan inji domin ɗaurin auren gobe kamar yadda kake yi.

Ka gaida Inna da kyau. Zan aiko maka da littafin launukan Pantone ta hannun mai zuwa gida kafin Babbar Sallah, in Allah ya yarda.